Tarihin Rayuwar Henrietta Lacks (1920-1951)

Gabatarwa

Yawancin tarihin rayuwar da 'yan'uwana ɗalibai suka saba kawowa a wannan mujalla na sarakuna ne da malamai da mawaƙa, watau mutanen da suka bar wani aiki na hannunsu ko na bakinsu wanda ake tunawa da su saboda shi. Matar da zan kawo tarihinta a nan ba ta rubuta littafi ba, ba ta ma gama makarantar firamare ba. Manomiyar taba ce, baƙar fata, 'yar ƙasar Amurka, wadda ta rasu tana da shekara 31 da haihuwa. Duk da haka wani ɗan yanki na jikinta yana nan da rai har yau a ɗakunan gwaje-gwajen likitanci na duniya, kuma an yi rajistar ƙirƙire-ƙirƙire fiye da 10,000 waɗanda suka dogara a kansa, ba tare da an taɓa neman izininta ba. Cutar da ta kashe ta, watau sankarar bakin mahaifa, ita ce ta biyu wajen kama mata a Nijeriya, bayan sankarar nono.

Haihuwarta da tasowarta

An haife ta ran 1 ga watan Agusta, 1920, a garin Roanoke na jihar Bajiniya. Sunan da aka raɗa mata shi ne Loretta Pleasant, daga baya ne ya koma Henrietta. A shekarar 1924 mahaifiyarta, Eliza, ta rasu wajen haihuwa ta goma. Da mahaifin ya ga ba zai iya riƙon yaran shi kaɗai ba, sai ya kwashe su ya kai ƙauyen Clover, dangi suka rarraba su, kamar dai yadda ake yi a ƙasar Hausa idan uwa ta rasu ta bar ƙananan yara. Henrietta ta faɗa hannun kakanta na wajen uwa, Tommy Lacks. Ɗakin katakon da suka zauna a ciki asalinsa ɗakin bayi ne, a gonar da kakanninta suka yi bauta, kuma farar fatar da ya mallaki gonar shi ma yana cikin kakannin nata. A wannan ɗaki ta tashi tare da wani ɗan'uwanta, David Lacks, wanda shi ma kakan ke riƙo.

Duk wanda ya ga noman taba a ƙauyukan Zariya ya san aiki ne mai cin rai. Yaran sukan tashi tun da asuba su tatsi shanu, su ba kaji abinci, sa'an nan su wuce gona su yini suna tsince tsutsa daga ganye. Idan an girbe sai a rataya ganyen a rumbu a yi ta kula da wuta har ya bushe, kana a loda a keken doki a kai kasuwa. Makarantar baƙaƙen fata tana da nisa, kuma sai ta wuce ta gaban makarantar fararen fata kafin ta isa tasu. A aji shida ta bar karatu domin gona ta fi bukatar ta. Ta haifi ɗanta na fari, Lawrence, a 1935 tana da shekara 14, sa'an nan ta haifi Elsie a 1939. Ran 10 ga watan Afrilu, 1941, aka ɗaura aurenta da David, watau auren zumunci ke nan.

A ƙarshen wannan shekara Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, ƙarfe ya yi daraja, masana'antar Bethlehem Steel da ke Sparrows Point kusa da birnin Baltimo ta shiga ɗibar ma'aikata. David ya bar gona ya tafi can, daga baya iyalinsa suka bi shi, suka zauna a wata unguwar ma'aikata baƙaƙen fata mai suna Turner Station. Ni da na tashi a Kakuri, kudu da kogin Kaduna, ba na bukatar a kwatanta mini irin wannan unguwa. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a 1957, wasu masaƙu suka biyo baya, haka mutane suka yi ta barin ƙauyukansu suna zuwa, wanda ya riga zuwa ya sauki wanda ya biyo baya har ya sami aiki da ɗaki. To, gidan Henrietta irin wannan masauki ne. Danginta sun shaide ta da sakin hannu: tukunyarta ba ta sauka, ƙofarta a buɗe take ga duk ɗan Clover da ya zo neman aiki. Mace ce mai son tsafta da ado da rawa, mai shafa jan farce. A nan ta ƙara haihuwa uku: David ƙarami a 1947, Deborah a 1949, da Joseph a 1950 (wannan autan daga baya ya musulunta, ya koma Zakariyya). Babban baƙin cikinta a lokacin shi ne 'yarta Elsie, wadda ke da farfaɗiya kuma ba ta magana. A 1950 aka kai ta asibitin masu taɓin hankali na baƙaƙen fata da ke Crownsville, uwar ta riƙa ziyartar ta kowane mako har ƙarfinta ya ƙare. Elsie ta rasu a can a 1955.

Rashin lafiyarta da rasuwarta

Tun kafin cikin autanta ta riƙa jin kamar wani ƙulli a mahaifarta. Bayan ta haihu da 'yan watanni sai jini ya riƙa zubar mata ba lokacin al'ada ba. Ran 29 ga watan Janairu, 1951, ta je asibitin Johns Hopkins da ke Baltimo. An kafa wannan asibiti a 1889 domin taimakon marasa galihu, kuma yana cikin manyan asibitoci ƙalilan da ke karɓar baƙaƙen fata a yankin, ko da yake ɗakunan jinyarsu daban ne da na fararen fata. Likita Howard Jones ya duba ta, ya ga wani ƙari a bakin mahaifa, mai launin shunayya, wanda da an taɓa shi sai jini. Gwaji ya nuna sankara ce.

Maganin zamanin shi ne a ɗinka wani ɗan bututu mai ɗauke da sinadarin radiyom a jikin ƙarin domin ya ƙona shi. Ta sa hannu a takardar yarda da aikin. Amma tana kwance cikin maganin barci, kafin a sa radiyom ɗin, sai likitan tiyata ya yanki tsoka biyu ƙanana, ɗaya daga ƙarin, ɗaya daga wurin da ke da lafiya, ya aika wa wani mai bincike a asibitin, George Gey. Ba a tambaye ta ba, ba a kuma gaya mata daga baya ba. Ya kamata a faɗi gaskiya, a wancan lokaci babu dokar da ta tilasta wa likita neman izini kafin ya yi haka, kuma ba ita kaɗai aka yi wa ba. Amma rashin doka bai wanke kowa ba, domin tun 1947, a shari'ar likitocin Jamus da aka yi a Nuremberg, an riga an shimfiɗa ƙa'idar cewa yardar mutum ita ce sharaɗin farko na gwaji a jikinsa.

Gey ya shafe shekaru masu yawa yana ƙoƙarin rayar da ƙwayoyin halittar ɗan Adam a cikin kwalba, yana ciyar da su da ruwan jinin kaza da jinin cibiyar jarirai, amma duk sai su mutu. Mataimakiyarsa, Mary Kubicek, ta yanyanka tsokar ta zuba a kwalabe, ta rubuta musu HeLa, watau haruffa bibbiyu na farkon sunayen mai tsokar. Ƙwayoyin ɓangaren da ke da lafiya suka mutu cikin 'yan kwanaki. Na ƙarin kuwa suka riƙa ninka yawansu kusan kowace awa 24, ba su tsaya ba, kuma ba su tsaya ba har yau. Su ne ƙwayoyin ɗan Adam na farko da suka rayu haka a wajen jiki.

Irin ƙarfin da suka nuna a kwalba shi suka nuna a jikin mai su. Radiyom da hasken da aka riƙa gasa mata sun ƙona fatar cikinta har ta yi baƙi, amma cutar ta bazu. Ran 8 ga watan Agusta aka kwantar da ita, ba ta sake komawa gida ba. Ta rasu ran 4 ga watan Oktoba, 1951, autanta bai fi shekara ɗaya ba. Aka kai gawarta Clover aka binne a maƙabartar dangi, ba tare da wata alama a kan kabarin ba.

Me ya hana ƙwayoyin mutuwa?

A nan sai mai karatu ya yi haƙuri da ni, domin ni ɗalibin harshe ne, zan bayyana abin gwargwadon fahimtata. Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, kuma kowace ƙwaya tana hayayyafa ne ta hanyar rabuwa biyu. Kafin ta rabu sai ta bi wasu matakai a jere: ta girma, ta kwafi bayanan gadon da ke cikinta, ta duba ko kwafin ya yi daidai, sa'an nan ta tsage. Wannan shi ake kira zagayen rabuwar ƙwaya. Akwai wasu furotin da ke tura ta gaba, waɗanda aka fi sani da saikilin da CDK, akwai kuma masu tsayar da ita, manyansu su ne p53 da pRb. Tsofaffin ma'aikatan masaƙa sun san cewa idan zare ya tsinke dole inji ya tsaya a ɗaura, in ba haka ba ya yi ta fitar da ɓataccen yadi. Aikin p53 ke nan: in ya ga ɓarna a bayanan gado sai ya tsayar da ƙwayar har a gyara, in gyara ya gagara ya sa ta kashe kanta. Ban da haka, Leonard Hayflick ya nuna a 1961 cewa lafiyayyar ƙwaya takan rabu sau 50 ko kusa da haka, sai ta tsufa ta daina.

Sai bayan shekara 30 da rasuwar Henrietta aka gane abin da ya same ta. A 1984 masu bincike ƙarƙashin Harald zur Hausen na Jamus suka gano wata ƙwayar cuta, HPV iri na 18, kuma suka same ta a cikin HeLa, ta cusa bayananta cikin na matar. Wannan ƙwayar cuta tana yin furotin biyu, E6 da E7. Na farko yana sa a rushe p53, na biyu yana ɗaure pRb. Watau an kori masu tsayar da inji duka biyu, an bar shi yana gudu. A 1989 kuma aka sami sinadarin telomeras a cikin HeLa, wanda ke sabunta bakin zaren gado duk lokacin da ya lalace, shi ya sa ƙwayoyin ba sa tsufa. Ashe abin da ya kashe ta shi ne ainihin abin da ya ba ƙwayoyinta daraja a idon masana.

Da yake ƙwayoyin suna rabuwa ba fashi, sai suka zama abin da aka fi amfani da shi wajen nazarin zagayen kansa. A 1970 Potu Rao da Robert Johnson suka riƙa haɗe ƙwayoyin HeLa biyu da ke matakai daban-daban, suka ga ɗaya tana jan ɗayar zuwa matakinta, abin da ya nuna akwai wasu sinadarai da ke ba da umarnin. Neman waɗannan sinadarai, wanda aka yi mafi yawansa a jikin yisti da ƙwan halittun ruwa, shi ya kai Leland Hartwell da Tim Hunt da Paul Nurse ga lambar yabo ta Nobel a 2001. Zur Hausen ya sami tasa a 2008.

Tun kafin wannan HeLa ta yi babban aiki a yaƙi da shan inna. Domin gwada allurar Jonas Salk a 1954 ana bukatar ƙwayoyi masu ɗimbin yawa, sai aka buɗe wurin renon HeLa a Kwalejin Tuskegee ta baƙaƙen fata, inda aka kai ga fitar da kwalabe 20,000 a mako. Abin takaici, a wannan gari na Tuskegee, kuma a waɗannan shekaru, hukumar lafiya ta Amurka tana gudanar da binciken nan da aka bar ɗaruruwan baƙaƙen fata masu ciwon tunjere ba magani, daga 1932 har 1972, don kawai a ga yadda ciwon ke cin jiki.

Wa ya mallaki abin da ya fito daga jikinta?

George Gey bai sayar da HeLa ba. Kyauta ya riƙa rabawa ga duk mai binciken da ya nema, kuma asibitin bai yi rajistar mallakarsu ba. Amma wasu kamfanoni, farkonsu Microbiological Associates, sun shiga renon su suna sayarwa. Daga nan aka shiga zamanin takardar mallakar ƙirƙira, watau takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabon abu, ta hana kowa yin sa ko sayar da shi sai da izininsa har tsawon wasu shekaru, yawanci 20 a yanzu. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Ananda Chakrabarty wanda ya sarrafa wata ƙwayar bakteriya ta riƙa cin ɗanyen man fetur, ta yarda a mallaki abu mai rai muddin hannun mutum ya sauya shi. Wannan hukunci ya buɗe ƙofa, jami'o'i da kamfanoni suka yi ta rige-rigen rajistar ƙwayoyin gado da furotin.

Misali ɗaya ya isa. A 1993 Manuel Serrano da Gregory Hannon da David Beach, a cibiyar bincike ta Cold Spring Harbor, suka ware ƙwayar gadon wani furotin mai tsayar da rabuwa, mai suna p16, wanda ke riƙe CDK4. Daga tarin kwafin bayanan gadon HeLa suka tsamo ta. Kafin ƙarshen shekarun 1990 an ba cibiyar takardar mallaka a kanta. A yau likitoci suna duba yawan p16 a tsokar bakin mahaifa domin gane wadda HPV ya fara ɓatawa, kuma a 2015 aka amince da maganin sankarar nono mai suna palbociclib, wanda ke toshe CDK4 da CDK6 kamar yadda p16 ke yi. Ba na musun cewa waɗannan masana sun yi aiki, kuma sun cancanci ladan guminsu. Abin da ke damuna shi ne yadda doka ta ga gumin mai bincike amma ta kasa ganin jikin da aka yanka. An gwada wannan a kotu: John Moore, wanda aka cire wa saifa a 1976 a Kalifoniya, ya gano likitansa ya sami takardar mallaka a kan ƙwayoyinsa a 1984. Kotun ƙolin jihar ta yanke a 1990 cewa tsokar da ta bar jikin mutum ba dukiyarsa ba ce, sai dai ya wajaba likita ya sanar da shi irin amfanin da yake nema da ita. Sai a 2013, a shari'ar kamfanin Myriad, Kotun Ƙoli ta hana mallakar ƙwayar gado kamar yadda Allah ya halicce ta, ko da yake ta bar damar mallakar kwafin da aka haɗa a ɗakin gwaji.

Iyalinta

Duk wannan hidima ana yin ta iyalin Henrietta ba su da labari. Jaridu ma da wani suna suka riƙa kiran ta, Helen Lane. 'Ya'yanta ƙanana sun sha wuya a hannun riƙo, sun tashi cikin talauci, wasunsu ba su da halin biyan kuɗin asibiti. Abin da ya tona asiri shi ne ƙarfin ƙwayoyin. A 1966 Stanley Gartler ya nuna cewa HeLa ta kutsa cikin wasu ƙwayoyi da yawa da masana ke reno ta mamaye su, kuma ya gane haka ne saboda wani nau'in sinadarin G6PD da aka fi samu a jikin mutanen da asalinsu Afirka ne. Domin a iya tantance HeLa daga sauran, sai masu bincike suka nemi 'ya'yanta a 1973 suka ɗebi jininsu. Su 'ya'yan sun ɗauka ana gwada su ne a ga ko sun gaji ciwon uwarsu. A wannan shekara suka fara jin cewa wani ɓangare nata yana raye.

Deborah, wadda ba ta san uwarta ba, ta shafe sauran rayuwarta tana neman sanin ko wace ce ita. Ta rasu a 2009, shekara ɗaya kafin fitowar littafin da Rebecca Skloot ta rubuta da taimakonta, wanda ya sanar da duniya labarin. A 2010 aka kafa dutse a maƙabartar Clover da sunan Henrietta. A 2013 wasu masana a Jamus suka wallafa dukkan bayanan gadon HeLa, nan ma ba a tambayi iyalin ba, alhali bayanan sun shafi jikokinta. Bayan ƙorafi aka yi yarjejeniya da hukumar binciken lafiya ta Amurka cewa biyu daga cikin iyalin za su zauna a kwamitin da ke ba da izinin duba bayanan. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karrama ta, ɗanta Lawrence ya karɓa. A shekarar ce kuma iyalin suka kai kamfanin Thermo Fisher Scientific ƙara, aka sasanta a 2023, aka sanar ran 1 ga watan Agusta, ranar haihuwarta, ba a kuwa bayyana abin da aka biya ba.

Abin da ya shafe mu

Kada mai karatu ya ɗauka wannan labarin ƙetare ne kawai. A 1963, a Ibadan, wani likita mai suna Pulvertaft ya rayar da ƙwayoyin wani yaro ɗan Nijeriya mai shekara 11, mai fama da sankarar Burkitt wadda ke kumbura muƙamuƙin yara. Ƙwayoyin nan, da ake kira Raji, suna nan ana sayar da su ga ɗakunan bincike har yau. A 1996 kuma, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, kamfanin ya musa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Zargin da wannan ya bari yana cikin dalilan da suka sa Kano da Zamfara da Kaduna suka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, yara da yawa suka shanye a banza. A ganina wannan ita ce babbar hasarar ɗaukar abu daga jikin mutum ba da saninsa ba, domin ranar da aka kawo masa magani na gaskiya ba zai yarda ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta neman yardar mutum kafin a cire tsoka daga jikinsa ko a yi bincike a kansa, sai dai nawa ne daga cikin iyayenmu mata ke iya karanta takardar da ake miƙa musu da Turanci a bakin ɗakin tiyata?

A watan Oktoba na 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin HPV kyauta. Kano tana cikin rukunin farko, Kaduna kuma ta shiga a watan Mayu na 2024. Allurar tana kare su daga iri huɗu na ƙwayar cutar, watau 6 da 11 da 16 da 18, kuma na ƙarshen nan shi ne wanda aka samu a cikin ƙarin Henrietta Lacks.